Gurnani a Ƙafar Hagu

Litinin, 2 ga Oktoba, 2017, bayan la'asar

Yau na koma aiki Bukkuyum, karon farko tun da na fita takaba, kuma ni na tuƙa kaina. Bari in rubuta don in gani da idona: ni Turai na tuƙa mota daga Gummi har ƙofar asibiti, ba ta mutu mini a hanya ba, ban taka akuyar kowa ba. Matan da ke layin awo suka miƙe suna kallo. Wata tsohuwa ta leƙa ciki ta ce, "Sista, ina direban?" Na ce ga ta nan tsaye a gabanki.

Baban Hafsa ne ya koya mini, a filin ƙwallon bayan gidanmu, da yamma idan yara sun watse. Duk rayuwarsa bai taɓa sayen sabon abu mai taya ba, daga keke har babur na hannu ne. Da shinkafar bara ta yi kyau sai ya ce sau ɗaya dai zai yage leda da hannunsa. Ya je Gusau ya dawo da motar nan fara ƙal. Ko ledar kujerun baya bai gama cirewa ba.

A hanyar dawowa, bayan na wuce Daki Takwas, na ji wani ɗan gurnani daga gaba, kamar injin niƙa a unguwa mai nisa. Na kashe rediyo na saurara. Na ce ƙila kwaltar ce. Ba zan bari ya ɓata mini yau ba.

Laraba, 4 ga Oktoba, da magariba

Ba kwalta ba ce. Idan na ƙara gudu sai ya ƙaru, idan na rage sai ya lafa. Idan na karya kwana zuwa dama sai ya tsananta. Daga ƙafar gaba ta hagu yake fitowa, daidai ƙarƙashin inda nake zaune. Ban faɗa wa kowa ba. Hafsa ta tambaye ni me ya sa na bar tuwona, na ce mata zafi ne.

Jumma'a, 6 ga Oktoba, bayan an sauko masallaci

Yaya Magaji, wan Baban Hafsa, ya zo. Ashe wani ɗan kabu-kabu ya ji ƙarar lokacin da na wuce shi, kuma labari ya riga ni isowa gari. Ko ruwan da Hafsa ta kawo masa bai sha ba.

"Turai, an ce motar ta hwara kuka."

Na ce ɗan gurnani ne, Yaya.

"Motad da ƙanena bai gama morewa ba, kin kashe ta cikin sati guda. Na hwaɗa maki tun ran da anka raba gado, macce da sitiyari ba su gamuwa. Ki aje aikin ga na Bukkuyum, a saida ta tun tana da daraja, ki zamna ki riƙa ɗiyanki."

Motar a kasona da na yarana ta faɗo, ya sani. Amma ban tuna masa ba. Na ce na ji, zan duba. Inna, mahaifiyata, da ta dawo gidana tun ranar rasuwar, tana ɗaki tana jin komai. Bayan ya fita ta ɗaga labule ta ce, "To ke, kin kashe ta?" Na ce ban sani ba, Inna. Abin da ya fi ci mini rai ke nan, ban sani ba.

Asabar, 7 ga Oktoba, da hantsi

Na kai ta garejin Malami, wanda shi ne yake gyara wa Baban Hafsa babur shekara da shekaru. Ya sa jak ya ɗaga ƙafar hagu, ya kama tayar sama da ƙasa ya girgiza, ta yi ƙwas-ƙwas. Ya juya ta da hannu, na ji kamar an zuba tsakuwa a gwangwani.

Ya ce, "Hajiya, boris na. Shi ne zoben da taya ke juyawa a kanshi. Ya tahi."

Na ce to a canza.

Ya goge hannu ya girgiza kai. Ya ce motar nan ko shekara ba ta yi ba, kuma rabin kwanakinta a rufe ta yi su. Motocin da ke shiga ƙauyen Dareta da lodi ma boris ɗinsu ba ya mutuwa da wuri haka. Ya ce yana iya sa mini na kasuwa kafin azahar, amma da zarar ya ɗora sifana a wurin, garantin da kamfani ya bayar ya tashi, kuma duk abin da ya biyo baya nawa ne. "Ki maida masu abinsu. Su sunka saida, su za su gyara."

Na ce, "Malami, tsakaninka da Allah, tuƙina ne?"

Ya ce a'a.

Na sake tambaya. Ya ce ko makaho ya tuƙa ta, ba ta isa yin haka yanzu ba.

Lahadi, 8 ga Oktoba, da safe

Malami ya ce ba ni ba ce.

Talata, 10 ga Oktoba, bayan magariba

Mun je Gusau ni da Inna. A hankali na tafi, gurnanin yana rakiyarmu har Anka, daga Anka har can. Kamfanin gini ne na gilashi, sanyi a ciki kamar ba a garin ake ba, ga sababbin motoci a jere suna ƙyalli.

Wani saurayi a bayan kwamfuta ya karɓi lambar motar ya danna, sannan ya ɗago. "Hajiya, sunan namiji nake gani a nan. Sai dai mai motar ya zo da kansa, ko ki kira mana shi a waya."

Na juya na dubi Inna.

Inna ta matso ta dafa teburin. "Ɗana, inda mai motar ga yat tahi, waya ba ta kai. Ga matatai nan, uwar ɗiyanai. Da ita za ka magana."

Ya sunkuyar da kai ya ce Allah ya jiƙan rai. Suka shiga da motar ciki. Manajan ba ya nan, wai ya je Kaduna. Da la'asar wani injiniya ya fito ya ce ƙarar taya ce kawai, sun musanya na gaba da na baya, in je. Na ce makanikina ya ce boris ne. Ya yi murmushi ya ce, "Hajiya, hanyoyinku na ƙauye ne, dole mota ta yi magana. Garanti ba ya ɗaukar rami."

Ba wannan ne ya karya ni ba. Tun da na karɓi makullin motar ban taɓa kujerar direba ba. Yadda Baban Hafsa ya bar ta, can baya daidai dogayen ƙafafunsa, haka take. Matashi nake sawa a bayana in miƙa ƙafa. Da suka fito da ita sai na ga an jawo kujerar gaba, an jefa matashin a baya. Na tsaya riƙe da ƙofa. Inna ta dube ni, ta dubi kujerar, ta ce, "Shiga mu tai, rana na hwaɗuwa."

Na shiga. Ƙafata ta kai birki ba tare da na miƙe ba. Na yi kuka daga Gusau har Anka, kuma ban taɓa jin daɗin tuƙi kamar na yau ba. Duka biyun gaskiya ne.

Alhamis, 12 ga Oktoba, da yamma

Gurnanin yana nan. Ya ma fi da.

Litinin, 16 ga Oktoba, bayan la'asar

Abin da ya faru yau, dole in rubuta shi.

Ina dawowa daga aiki, kafin in kai Nasarawar Burkullu, sitiyari ya fara kakkarwa a hannuna, motar tana ja hagu kamar ana fizgar ta. Sai wari, irin na tukunyar da aka manta a wuta. Na yi salati na gangara gefe a hankali. Wata Bafillata mai tallan nono ta ba ni ruwan gorarta, na watsa a tsakiyar tayar, ya yi cuuu, tururi ya tashi. Da gudu nake yi, da ban san wanda zai riƙe mini 'ya'yana Hafsa da Surayya ba.

Ina tsaye a rana sai ga wata mota irin tawa sak, sai dai ita baƙa ce, ta rage gudu. Tun kafin ta tsaya na ji shi. Gurnanin nan, irinsa ɗaya, daga ƙafa ɗaya.

Wani dattijo mai ƙiba ya fito. Alhaji Lirwanu sunansa, falken wake ne a Bukkuyum. Ko gaisuwa ban gama ba na ce, "Alhaji, tun yaushe taka take wannan kukan?"

Ya ce ta kwana biyu. Ya kai ta Gusau, wuri ɗaya muka saya, suka ce lodin wake ne ya yi mata yawa. Ya ce shi kuwa ya yarda, don ya taɓa sa mata buhu a baya. Sannan ya ce, "Kin san wani abu? Akwai wani shugaban makaranta a Anka, aminina, tare munka saye. Shi ma tashi na yi. Shi sun ce mashi ruwa ya shiga."

Ni rami, shi wake, wancan ruwa. Muka dubi juna, sai dariya ta kama mu a bakin titi, har Bafillatar ta ja baya.

Malami ya zo da mota ya ja ta a hankali zuwa gida. Ya ce kada in sake taka ta ko nan da kasuwa.

Laraba, 18 ga Oktoba, da magariba

A bas na je aiki, an matse ni tsakanin buhun gero da wata mai goyo. Tsohuwar nan ta layin awo ta ce, "Sista, ina motar?" Na ce tana hutawa.

Alhamis, 19 ga Oktoba, bayan la'asar

Yaya Magaji ya zo da dillali. Ko sallama ba su gama ba mutumin ya fara zagaya motar yana bubbuga tayoyi da ƙafa. Na fito na tsaya tsakaninsa da ita. Na ce, "Yaya, ba ta sayarwa ba ce."

"Ta kusa kashe ki, kina gardama?"

Na ce ba ni na lalata ta ba, kuma zan kawo masa shaida.

"Daga ina? Kamhwanin da ad da lauyoyi, ke za ki kada su?"

Ban taɓa ɗaga masa murya ba, yau ma ban ɗaga ba. Na dai ƙi matsawa. Da suka gaji suka tafi. Na san ba don mugunta yake yi ba, tsoro yake ji, shi ma ya binne ƙane. Amma ba zan matsa ba.

Asabar, 21 ga Oktoba, da azahar

Alhaji Lirwanu ya kira. Babbar motarsa ta wake za ta Gusau jibi ba kaya. Ya ce, "Sista, mi za ya hana mu ɗora taki bisa?" Shugaban makarantar ma ya ce zai biyo mu daga Anka.

Inna ta ce a wanke mata mayafinta na zuwa biki.

Litinin, 23 ga Oktoba, bayan magariba

Alhamdulillahi. Alhamdulillahi. Ban san ta ina zan fara ba.

Da sassafe Malami ya sa babbar motar ta ja baya ta jingina da tudun bayan gareji, aka shimfiɗa katakai, majiya ƙarfi suka tura tawa ta hau, aka ɗaure ta da igiyoyi. Rabin unguwa sun fito kallo. Ni da Inna muka shiga motar Alhaji, muka bi bayanta. A Anka shugaban makarantar ya shigo layi da tasa. Haka muka shiga Gusau, sabuwar mota fara a saman motar wake, biyu suna bin ta suna gurnani.

Direban ya tsaya daidai ƙofar gilashin. Mai gadi ya ce a matsa gefe, Alhaji ya ce ai mun zo kawo kaya ne, a nan za a sauke. Inna ta shiga ciki ta shimfiɗa darduma kusa da wata jar mota, ta zauna, ta kwance gefen zanenta ta ciro goro.

Yau manajan yana nan. Dogo ne, mai tabarau, mai sanyin magana. Ya saurare mu, sannan ya fara: hanya, lodi, ruwa, yadda ake tuƙi. Da ya zo kan tuƙi ni ya kalla.

Na ce, "Yallaɓai, Alhaji wake yake ɗauka. Malam shugaban makaranta littattafai yake ɗauka. Ni jakar hannu da uwata nake ɗauka. Hanyarmu ba ɗaya ba, hannunmu ba ɗaya ba. Me ya sa duka uku ƙafar hagu, kuma duka kafin shekara?"

Ya ce sai an bincika.

Na ce ga makullin ta Alhaji, ya zagaya da ita ya dawo. Bai so ba, amma mutane sun fara taruwa a waje suna nuna motar da ke sama. Ya karɓa ya fita.

Yana fita wani mutum da matarsa suka shigo sayen mota. Matar ta gaida Inna ta ce, "Baba, lafiya kike zaune a nan?" Inna ta ce, "Lahiya lau, ɗiyata. Irin wagga da kike shahwa munka saye. Leƙa waje ki ga inda take kwance." Suka leƙa. Suka ce bari su je su dawo. Saurayin kwamfutar ya bi su har bakin titi, ba su waiwayo ba.

Manajan ya dawo ba murmushi. Ya ce mu shiga ofis, a sauke motar tukuna. Na ce ba za a sauke ba sai an yarda za a buɗe ƙafar a gabana. Ya shiga ya rufe ƙofa, muna hango shi ta gilashi yana waya yana kai da kawowa. Mu kuwa muka yi sallar azahar, Alhaji ya aika aka sayo mana shinkafa, muka ci a nan cikin sanyinsu.

Kafin la'asar aka sauke ta, aka buɗe. Injiniyan nan mai murmushi ne ya zaro boris ɗin ya ɗora a tire. Ya bushe ƙamas, babu ko ɗigon giris a ciki, ƙarfen ya ƙone ya yi shuɗi. Aka buɗe ta Alhaji, haka. Ta Malam, haka. Manajan ya daɗe yana jujjuya shi da bakin biro. Sannan ya cire tabarau ya ce, "Hajiya, daga can aka haɗo shi haka. Ba laifinki ba ne. Za mu canza duka ƙafafun gaba, ku ukun, kamfani ne zai ɗauka. Ki yi haƙuri."

Na ce na haƙura, amma ina da roƙo ɗaya. Na ciro wayata na kira Yaya Magaji, na miƙa masa. Na ce, "Wan mijina ne. Abin da ka faɗa mini yanzu, shi nake so ka faɗa masa."

Ya dube ni, ya dubi Inna, sannan ya karɓa. Ya faɗa, bai rage komai ba. Da ya dawo mini da wayar na kara a kunne, ina jin numfashin Yaya. Ya ce, "To." Ya kashe.

A hanyar komawa a motar wake, Inna ta yi ta ba direban labarin abin da shi ma yana wurin aka yi.

Talata, 24 ga Oktoba, da safe

Na tashi ina dariya ni kaɗai. Surayya ta ce, "Mama, mafarki kika yi?" Na ce a'a, tunawa na yi.

Laraba, 1 ga Nuwamba, da yamma

Kayan ba su iso daga Legas ba. Bas, gero, zafi. Na kira su, sun ce ana hanya. Gobe ma zan kira. Yaya bai zo ba, bai aiko ba.

Litinin, 6 ga Nuwamba, da azahar

Alhaji Lirwanu ya ce kamfanin yana ta kiran duk wanda ya sayi irin motar a bara, wai a kawo a duba ƙafa. Har wani ɗan kasuwa daga Talata Mafara ya nemi lambarsa don ya yi godiya, shi kuma ya ce ba shi za a gode wa ba, wata Sista ce a Gummi. Na shiga ɗakin magani na rufe ƙofa na ɗan zauna. Akwai wanda na so in ba wannan labarin.

Alhamis, 9 ga Nuwamba, bayan magariba

Mun ɗauko ta. An wanke ta, an cika mata mai, manajan da kansa ya miƙo mini makulli da hannu biyu. Na fita Gusau na taka ta sosai, na karya kwana dama, na karya hagu. Shiru. Inna a baya ta ce in daina wasa da ranta.

Da muka iso Anka, a bakin tasha, sai na hango mutum tsaye da buhun taki a gefensa, yana ɗaga wa motoci hannu suna wucewa a cike. Yaya Magaji ne. Inna ta ce, "Kin gane shi?" Na ce na gani. Na sa sigina na tsaya daidai ƙafarsa, na sauke gilashi.

"Yaya, ina wuni. Gida za ka?"

Ya dubi titi, ya dubi rana da ta yi ƙasa, ya dubi buhunsa. Ya ce yana jiran wani. Inna ta leƙo ta ce, "Magaji, wa kake jira da marece haka bisa hanyar ga? Shigo." Ya sa buhun a but, ya buɗe gaba ya zauna, ya riƙe hannun ƙofa gam.

"Ki rage gudu."

Na ce to, Yaya.

"Ga rami can."

Na ce na gan shi.

"Ki yi ma mai shanun ga oda."

Na yi. Kafin mu kai Nasarawar Burkullu na saci kallonsa, hannunsa ya saki ƙofar, hularsa ta karkace, kansa ya jingina da gilashi. Barci yake yi. Na dubi Inna ta madubi, ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Bai farka ba sai da na tsaya a ƙofar gidansa.

Ya gyara hula, ya fita, ya sauke buhunsa. Ya yi kamar zai shiga gida, sai ya dawo ya tsaya a bakin tagata yana kallon wani wuri.

"Ran Assabar ina da magana da masu iri a Bukkuyum. In kina da aiki ranar, ki biyo ta nan."

Na ce ina da aiki, amma da sassafe nake fita, kuma ba na jiran kowa.

Ya ce, "Za ki iske ni waje."